INJI DA MAI SHI: Mazaunin Bawul da Direbobin da Suka Koma Gas

A wannan mako za mu leƙa cikin kan inji, wanda kanikawa ke kira tof-silinda, mu duba wani ɗan wuri da faɗinsa bai wuce kaurin tsinken ashana ba, amma a kansa ne ƙarfin mota ya dogara. Wannan wuri shi ne mazaunin bawul.

Abin da ya kawo maganar a fili yake. Tun ranar 29 ga Mayu 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin mai a Dandalin Eagle da ke Abuja, fetur ya yi tsadar da ta gigita masu motocin haya. A cikin wannan shekara ta 2023 Gwamnatin Tarayya ta kafa shirin mai da motoci masu amfani da iskar gas ta CNG. Direbobin tasi da ke lodi a Kasuwar Wuse da Berger, masu jigila zuwa Kubwa da Nyanya da Mararraba, da yawansu sun sa tukunyar gas a bayan mota. Sauƙi kam an samu. Sai dai akwai abin da ya kamata kowane direba ya sani kafin injinsa ya sanar da shi.

Bawul wani ƙarfe ne mai kamar laima, shi ke buɗe wa iska da mai hanya su shiga silinda, wani kuma ya buɗe wa hayaƙi ya fita. Idan inji yana juyawa sau 3,000 a minti, kowane bawul yana buɗewa yana rufewa sau 1,500, wato sau 25 a daƙiƙa guda. Bawul ɗin hayaƙi yakan ɗauki zafi har digiri 700 ko fiye, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na wannan zafi ta mazaunin yake fita, a ɗan lokacin da bawul ya zauna a kansa. To, ka ga mazauni yana da aiki biyu: ya toshe matsin da ke cikin silinda, ya kuma shanye zafi.

A yawancin motoci ana yanka mazaunin a karkace, a kan digiri 45. Hikimar ita ce, wannan karkata takan sa bawul ya daidaita kansa a tsakiya, ya danne sosai, ya murƙushe ɗan baƙin da ya maƙale. Akwai injinan da aka yi wa digiri 30 a wajen shigar iska, domin yana barin iska ta wuce da yawa tun bawul bai gama buɗewa ba, amma bai kai 45 riƙo ba. Masu motocin tsere a Amurka da Turai sukan hau zuwa digiri 50 ko 55, saboda bawul ɗinsu yana buɗewa da nisa ƙwarai. Su ba su damu da saurin lalacewa ba, gama bayan 'yan tsere kaɗan za su kwance injin.

Gwanin tana ba ya tsayawa kan kusurwa ɗaya. Yakan yanka uku: digiri 30 daga sama, 45 a tsakiya inda bawul zai zauna, 60 daga ƙasa wajen maƙogwaron rami. Dalili kuwa, iska kamar ruwan lambatu take, ba ta son a karya mata kwana farat ɗaya. In aka bi da ita mataki mataki sai ta wuce sumul. Da yankan sama da na ƙasa ne kuma ake tsai da faɗin mazaunin, misalin milimita 1 zuwa 1.5 a na shiga, 1.5 zuwa 2 a na hayaƙi. In ya yi siriri, zafi ba zai sami hanyar fita ba, bawul ya ƙone. In ya yi faɗi, dannin ya ragu, baƙi ya sami wurin kwana, matsi ya riƙa zurarewa.

A nan ne muke da magana da wasu kanikawanmu. Sau da yawa in an sauke tof-silinda, sai a ba yaron gareji man gogawa mai yashi da ɗan sanda, ya wuni yana murza bawul. Gogawa kaɗan ba laifi, don ƙarasa aiki aka yi ta. Amma in mazauni ya riga ya ci, yawan murzawa faɗaɗa shi yake yi, ya kuma yi wa fuskar bawul kwari. Ranar farko mota za ta tashi lafiya, bayan 'yan watanni a koma gidan jiya. Haka nan ba a yanka mazauni sai an duba bututun da sandar bawul ke bi. In yana da lilo, duk yankan da aka yi a karkace zai fito.

Yanzu mu koma kan gas. Dattawan direbobi da suka tuƙa Peugeot 504, irin wadda aka yi ta haɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975, sun yi zamani da fetur mai dalma. Dalmar guba ce ga jama'a, musamman yara, shi ya sa ƙasashen Afirka kudu da Sahara suka daina sayar da shi zuwa farkon 2006. Amma tana barin wani ɗan shafi a kan mazauni mai rage gogayya. Fetur na yau ma, da yake ruwa ne, yana ɗan sanyaya bawul ɗin shiga. Gas kuwa busasshe ne, ba ya barin kome. Ƙarfe ke dukan ƙarfe, a hankali mazauni yana cinyewa, bawul yana nutsewa cikin kan inji. Da ya nutse, ratar da aka bari a samansa sai ta ƙare, ya kasa rufewa sosai, wuta ta bi ta gefe ta ƙone shi. Injinan da aka ƙera don gas tun daga masana'anta, mazauni mai tauri ake sa musu. Ba kowace tsohuwar mota ta Kwatano ke da irinsa ba.

Saboda haka muna ba direbobi shawara. Duk wanda injinsa irin wanda ake saita ratar bawul da hannu ne, ya riƙa kai wa a auna a kai a kai, kada ya jira sai mota ta fara rawa a tsaye ko tana ƙin tashi da safe. A kuma tabbata mai saitin gas bai ƙwange wa inji gas ɗin ba don neman tsimi, domin cakuɗin da iska ta yi wa yawa yana iya ƙara wa bawul zafi. In aiki ya kai ga sauke tof-silinda, a nemi tana mai kayan yanka na gaskiya, a sa mazauni mai tauri. Kafin a ɗaura, a zuba kananzir a ramin a ga ko zai yoyo.

Su kuma samarin da ke kai motoci a rarake musu ramukan iska a goge su kamar madubi don neman gudu, su sani girman rami ba shi ne ƙarfi ba. Rami in ya yi faɗi, iska takan rage sauri, silinda ta kasa cika in inji yana tafiya a hankali. Motar da ke hawan tudun Kugbo cikin cunkoso ta fi bukatar ƙarfin ƙasa bisa ga na tsere.

A ƙarshe muna kira ga hukumar NADDC, mai kula da bunƙasa harkar motoci, da ƙungiyoyin kanikawa na Apo da sauran garuruwa, su sa wannan ilmi cikin horon da ake bai wa masu sa gas. Talakan da ya ci bashi ya sa tukunya bai kamata ya mai da ribarsa wajen sayen kan inji ba. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.