Nas ce shinge na ƙarshe tsakanin magani da majinyaci

Likita ne ke rubuta magani, mai harhaɗa magunguna ya fitar da shi, amma hannun da ke zuƙo shi cikin sirinji ya tsira wa majinyaci hannun ma'aikaciyar jinya ne. Duk kuskuren da ya kuɓuce wa biyun farko, a wurinta yake da damar tsayawa ta ƙarshe. Idan ya wuce ta ya shiga jini, abin da ya shiga jini kuwa ba a kiransa ya dawo.

A makarantun koyon aikin jinya ana haddace ƙa'idoji biyar kafin a ba da magani: a tabbatar da majinyacin, da maganin, da adadinsa, da hanyar da zai shiga jiki, da lokacinsa. Ƙa'idoji ne masu kyau, sai dai iyakarsu su tabbatar nas ta bi abin da ke rubuce a kati. Ba za su gaya mata ko rubutun kansa daidai ne ba, ko kuwa jikin majinyacin ya sauya tun bayan da aka yi shi. Wannan sai wadda ta san yadda magani ke aiki a jiki, da hanyar da yake fita, da alamun da ke nuna ya yi yawa.

Ɗakin haihuwa ya isa misali. Allurar magnesiyam salfet ita ce ke ceton mai cikin da jijjiga ta kama, kuma akan maimaita ta bayan kowane awa huɗu. Ta ƙoda wannan magani yake fita, don haka idan fitsarin matar ya gaza mililita 30 a awa ɗaya, ko numfashinta ya sauka ƙasa da 16 a minti ɗaya, ko aka buga gwiwarta ƙafar ba ta zabura ba, dole a dakatar da allura ta gaba, a kuma tanadi makarinsa, wato kalsiyam gulukonet. Nas ɗin da agogo kawai take kallo za ta cika ƙa'idoji biyar ɗin nan cif, ta kuma tsayar da numfashin matar da hannunta.

Haka abin yake a ɗakin yara. Allurar atesunet ta zazzaɓin cizon sauro mai tsanani ana auna ta da nauyin jiki: miligiram 2.4 ga kowane kilo, amma yaron da bai kai kilo 20 ba miligiram 3 yake buƙata. Yaro mai kilo 12 ke nan zai samu miligiram 36, kuma da zarar an haɗa maganin ba a ajiye ragowarsa don gobe. Inda babu sikeli ana kintatar nauyin yaro da ido, kintace kuwa kan jawo ragi ko ƙari. Jentamaisin, wanda ake yawan yi wa jarirai, yana iya taɓa ƙoda ya kuma kurmantar. Fotasiyam kulorayid ba a tura shi cikin jijiya kai tsaye, sai an sirka shi cikin ledar ƙarin ruwa ya sauka a hankali, domin yana iya tsayar da zuciya nan take. Oksitosin kuwa, mai tsayar da zubar jini bayan haihuwa, sanyin firji yake buƙata, kuma wanda ya daɗe cikin zafi ƙarfinsa kan ragu.

Wasu za su ce wannan hurumin likita ne, nas umarni kawai za ta bi. Masu wannan magana ba su kwana a babban asibitin ƙaramar hukuma ba, inda da tsakar dare nas ɗaya ke riƙe da ɗaki guda, likitan da ke bakin aiki kuma yana can ɗakin tiyata. Lamarin ya ƙara tsananta da ficewar ƙwararru. A shekarar 2024 Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya ta bayyana cewa ma'aikatan jinya kimanin 42,000 sun bar ƙasar cikin shekaru uku. Da yawa daga cikin waɗanda a da suke tsayawa kan sababbin ma'aikata suna gyara musu hannu yanzu suna Ingila da Amurka.

Matsalar ba ta Najeriya kaɗai ba ce. A shekarar 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da gangamin rage illar da kuskuren ba da magani ke jawowa, ta kuma ƙiyasta asarar da ake tafkawa a kan dala biliyan 42 kowace shekara. Sai dai gyaran yana farawa ne daga cikin gida. Ya kamata majalisar ta sanya lissafin adadin magani da sanin illolinsa su zama ginshiƙi a horon da ake buƙata kafin sabunta lasisi. Gwamnatocin jihohi su wadata ɗakunan kwanciya da sikeli, da firji mai aiki da hasken rana, da littafin jagorar magunguna na ƙasa.

Shugabannin asibitoci kuma suna da nasu nauyin. Nas ɗin da ta ɗauki kati ta koma wurin likita ta ce adadin nan ya yi yawa, yabo ta cancanta. Inda ake ɗaukar tambaya a matsayin rashin kunya, ko ake hukunta duk wadda ta kai rahoton kuskurenta, ma'aikata shiru za su koya, kuskuren jiya kuma ya maimaita kansa a kan wani majinyacin. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, a ɗakin majinyata kuwa rigakafin yana cikin abin da nas ta sani kafin ta buɗe kwalba.