Muhawarar Ƙofar Doka: Wasa Biyar Bai Isa Ya Naɗa Zakara Ba

Duk wanda ya saba wucewa ta Ƙofar Doka bayan sallar isha'i ya san cewa majalisun da ke bakin titin ba sa rasa abin yi wa musu. In ba siyasa ba, to farashin masara. In ba shi ba, to ƙwallo. Ni kaina nakan ɗan yada zango a teburin wani mai shayi a wajen idan na taso daga Samaru a makare, kafin in shige cikin gari. A nan ne na tsinci kaina a tsakiyar wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, kuma ga mamakina ba ta Arsenal ko Real Madrid ba ce, ta gasar ƙwallon ƙafa ta ƙasarmu ce. Wannan kaɗai ya isa ya sa na ga ya dace in kawo ta wannan fili.

Ɓangare guda, wanda wani tela ɗan gani-kashe-nin Kano Pillars yake jagoranta, yana ganin ya kamata a dawo da tsarin nan na Super 6, wato a tara ƙungiyoyi shida da suka yi fice a gari ɗaya, su kara da juna, wadda ta fi maki ta ɗauki kofi. Wasu ma suka ce shida ta yi kaɗan, a mai da su takwas, huɗu daga Arewa, huɗu daga Kudu. Ɗaya ɓangaren kuwa, ƙarƙashin wani dattijo tsohon malamin firamare, ya tsaya kai da fata cewa wannan caca ce, ba gasa ba. Kafin a ankara maganar ta zarce inda irinta ta saba zarcewa a ƙasar nan: shin tsakanin ƙungiyoyin Arewa da na Kudu, su wa suka fi ƙarfi?

Idan mai karatu bai manta ba, ba don marmari aka yi Super 6 ɗin baya-bayan nan ba. An katse kakar 2018 bayan wasanni 24, ba a fitar da kowa ba, aka kuma ƙaro ƙungiyoyi huɗu daga ƙasa. Sai aka wayi gari a 2019 da ƙungiyoyi 24, ga ƙurewar lokaci, dole aka kasa su rukuni biyu, ukun farko na kowane rukuni suka haɗu a filin wasa na Agege a Legas. Enyimba ta Aba ce ta ɗauki kofin, Pillars ta zo ta biyu, alhali Rangers ta Inugu ce ta jagoranci rukunin da Enyimba ta fito. A 2023 aka sake yi, wannan karon don a daidaita kalandarmu da ta Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Afirka. Bendel Insurance ta gama wasanninta 18 na rukuni ba a doke ta ko sau ɗaya ba, amma da aka je filin Onikan a watan Yuni ko cikin ukun farko ba ta shiga ba. Enyimba, wadda ta gama a bayanta a rukuni ɗaya, ita ta sake ɗaga kofin, karo na tara. Ba ina rage wa Enyimba komai ba ne. Ƙa'idar da aka shimfiɗa ta bi, ta kuma iya ta fiye da kowa. Abin tambaya a nan shi ne, aikin wata biyar ne ya fi nuna gwani, ko kuwa wasa biyar cikin ƙasa da mako biyu, inda raunin mai tsaron gida ɗaya ko jan kati ɗaya zai iya rushe komai?

Ana cikin haka sai wani tsohon ɗalibina da ya yi karatu a Amurka ya ce da ni, "Malam, ai can ma wannan rigimar ake yi." Ya yi gaskiya, kuma labarin nasu abin dubawa ne. Ƙwallon da jami'o'insu ke bugawa, wanda ake runguma a hannu a yi ta gudu da shi, yana tara 'yan kallo fiye da yadda mai karatu zai zata. Ƙungiyoyin sahun farko sun haura 130, an rarraba su cikin ƙawance-ƙawance irin su SEC da Big Ten, kowace kuma wasa goma sha biyu take bugawa kafin wasannin ƙarshen kaka. Ke nan yawancinsu ba sa haɗuwa da juna. Daga 1998 ƙungiyoyi biyu ake zaɓowa su buga wasan ƙarshe. Aka yi ta ƙorafi, aka mai da su huɗu a 2014, wani kwamiti na zaɓe. A Disambar 2023 Jami'ar Jihar Fulorida ta ci wasanninta 13 kaf, kwamitin ya bar ta a waje ya ɗauki Alabama da aka doke sau ɗaya, bisa hujjar cewa babban ɗan wasan Fulorida ya ji rauni, kuma magoya bayan SEC suka ƙara da cewa ai dama ƙawancensu ya fi tsauri. A 2024 aka faɗaɗa zuwa 12. Shin gardama ta mutu? Ina! A shekarar farko Alabama ce aka bari a waje, masoyanta suka ce an zalunci ƙawance mafi ƙarfi. Jami'ar Jihar Ohayo, wadda aka doke sau biyu, ko wasan ƙarshe na ƙawancenta ba ta kai ba, ita ta lashe kofin a Janairun 2025. Ba a jima ba aka shiga maganar a mai da su 16. Da can wanda ya zo na biyar ke kuka, sai kukan ya koma bakin na goma sha uku.

To amma su suna da uzuri. Ƙungiyoyi 130 ba za su taɓa zagaye juna a kaka ɗaya ba. Mu a babbar gasarmu ƙungiyoyi 20 ne, wasa 38, kowa ya je gidan kowa. Rangers a 2024 da Remo Stars a 2025 ta wannan hanya suka zama zakaru, haka Pillars ta jera kofuna uku daga 2012 zuwa 2014. Ban ga dalilin da zai sa mai lafiya ya riƙa shan maganin da aka rubuta wa majinyaci ba.

Sai dai adalci ne in faɗi cewa telan nan yana da hujja mai nauyi, kuma ita ce ta fi ɗaukar hankalina. Ya ce da ni, "Dakta, wace gasa kake magana? Wadda gida ba ta faɗuwa?" Kowa ya san abin da yake nufi. Shekara da shekaru cin wasa a waje a gasarmu ya zama abin ba da labari. Baƙi su kwana a hanya cikin bas, su iso a gajiye, su tarar da fili mai kama da gonar da aka yi wa huɗa, ga 'yan kallo a bakin layi, ga alƙalin wasa da ke tunanin ta inda zai fita lafiya. A ganinsa, fili ɗaya na 'yan ba-ruwanmu, da kyamarar talabijin a kan kowa, shi ne kawai wurin da ake ganin ƙwallo tsagwaronsa. Na yarda da ciwon, maganin ne ban yarda da shi ba. Idan makin da aka tara a cikin kaka gurɓatacce ne, to da wannan makin ne za a zaɓo shidan da za su je Legas; an dai wanke kwano ne da ruwan da ake ƙorafi a kansa. Kuma na tuna masa, cikin lallami domin na san inda abin ke yi masa ciwo, cewa a Agege ɗin ne a 2019 'yan kallo suka kutsa cikin fili bayan kunnen doki tsakanin Pillars da Rangers, har aka ci ƙungiyar tasa tara. Abin da ke buƙatar gyara shi ne biyan alƙalan wasa haƙƙinsu a kan lokaci kuma ba ta hannun mai masauki ba, da tsaron filaye, da nuna wasanni, da hukuncin da ba ya duban fuska.

Inda nake ganin wasannin share fage sun zama dole shi ne gasa ta biyu, wato NNL. A can ne muke da irin uzurin Amurkawa. Ƙungiyoyin na da yawa, aljihunsu babu nauyi, kuma ba hankali ba ne a ce ƙaramar ƙungiya daga Maiduguri ko Damaturu ta riƙa zarya zuwa Legas da Fatakwal. Don haka kasa su shiyyar Arewa da ta Kudu daidai ne. Matsalar tana wajen rabon tikitin hawa sama. A Asaba a 2023 Pillars da Katsina United suka haye daga Arewa, Heartland da Sporting Lagos daga Kudu. A Inugu a 2024 Nasarawa United da El-Kanemi Warriors ne daga nan, Beyond Limits da Ikorodu City daga can. A 2025 Wikki Tourists da Barau FC, sai Warri Wolves da Kun Khalifat. Biyu da biyu, shekara uku a jere, kamar rabon muƙaman siyasa.

A nan ne kowane ɓangare na majalisar ya zaro makaminsa. Masu cewa Kudu ta fi suka ce a 2023 uku daga cikin huɗun da suka faɗo daga babbar gasa na Arewa ne: El-Kanemi, Wikki da Nasarawa United. Masu kare Arewa suka ce to ai Heartland da Sporting Lagos da suka hau tare da Pillars da Katsina, su biyun suka gama a sahun masu faɗowa a 2024, namu kuwa suka tsaya. Duka gaskiya ne, kuma babu wadda ta raba gardama. A yi mani afuwa in ɗan saka rigar sana'ata: a nahawun Hausa "fi" aikatau ne so-karɓau. Ko da ka ce "ya fi" ka yi shiru, mai sauraro na jiran ya ji wa aka fi, da me, kuma a ina aka gwada. Ƙungiyoyin da ba su haɗu ba sai bayan an gama rabon tikiti, babu bakin da zai iya cika wannan jimlar a kansu.

Shawarata ga masu tafiyar da NNL ita ce, ko ƙungiyoyi nawa za su tara a ƙarshen kaka, ko wane suna za su ba taron, a cakuɗa su. Idan takwas ne, kowane rukuni ya ƙunshi biyu daga Arewa, biyu daga Kudu, waɗanda suka fi maki su haye ko daga ina suka fito. Wannan ba zai ƙara wa kowa ko kwabo ba, tunda dama a gari ɗaya aka tara su, a fili ɗaya suke bugawa. Na sani sarai cewa wata shekara za a iya wayar gari uku, ko ma duka huɗun, daga Kudu suke, kuma za a ji zafin abin a Kano da Bauchi da nan Zariya. Na amince da wannan kasadar. Gwamnatocin jihohinmu, waɗanda su ke riƙe da yawancin ƙungiyoyin nan, sun fi saurin jin kunya a bainar jama'a fiye da jin shawara a takarda, kuma gurbi biyun da aka tabbatar mana kowace shekara ya sauƙaƙa masu barin 'yan wasa watanni babu albashi ba tare da an ga sakamakon a fili ba.

Da na faɗi haka a majalisa, dattijon nan ya gyaɗa kai. Telan kuwa ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Dakta, wato so kake a kai mu Asaba a yanka." Na ce masa a Asaba ɗin Pillars ta samo tikitinta a 2023. Ya ce wannan daban, ya kira mai shayi ya ƙaro masa madara.