DUNIYA MAKARANTA: Ran Mai Laima Yana Rataye A Kan Ɗan Ƙarfe

A 'yan shekarun nan, da wuya mutum ya ratsa ta teburin mai shayi a Yelwa ta Jalingo bayan sallar isha'i bai tarar da samari sun haɗa kai a kan wayar hannu guda suna kallon wani abin mamaki ba. Cikin abubuwan da suka fi ɗaukar hankalinsu har da hotunan waɗansu mutane da kan tsaya a bakin dutse mai tsawon gaske, ko kuwa a kan gada, su daka tsalle su faɗa sarari, sai sun doshi ƙasa sa'an nan laima ta buɗe a bisansu, su sauka suna dariya. Waɗansu su ce jarunta ce, waɗansu su ce hauka ce tuburan, waɗansu kuma su ce da za a kawo laimar nan tsaunukan Mambila da su ma sun gwada.

Abin da hotunan nan ba su nunawa shi ne aikin da aka yi kafin tsallen. Faɗuwar ba ta wuce 'yan sakan, amma mai ita ya durƙusa rabin awa ko fiye yana naɗe laimarsa, yana taɓa kowane zobe, yana bin kowace igiya da yatsa. A nan ne ake tsira, a nan ne kuma ake halaka, tun ƙafa ba ta bar dutse ba.

ASALIN WASAN

Sauka da laima ba sabon abu ba ne. Ran 22 ga Oktoba 1797 wani Bafaranshe, André-Jacques Garnerin, ya sauko da ita daga balambalan a birnin Faris. Amma dirowa daga abin da ke kafe a ƙasa, kamar yadda ake yinsa yanzu, wani Ba'amurke mai ɗaukar hotunan sinima, Carl Boenish, ake jingina wa. A watan Agusta 1978 ya ɗauki hoton abokansa suna dirowa daga dutsen El Capitan da ke Kalifoniya, wanda fuskarsa ta kai wajen ƙafa 3,000. A 1981 shi da abokansa suka raɗa wa wasan suna BASE, wato haruffan farko na kalmomin Ingilishi huɗu masu nufin dogon gini, dogon ƙarfen eriya, gada, da dutse. Shi kansa Boenish wasan ne ya yi ajalinsa a ƙasar Norwe a watan Yuli 1984.

Akwai bambanci babba tsakanin wannan da dirowa daga jirgin sama. Mai dirowa daga jirgi don wasa yakan fito daga tsawon wajen ƙafa 13,000, ya buɗe laimarsa tun da sauran wajen ƙafa 3,000, kuma yana goye da laima ta biyu ta ko-ta-kwana. A Amurka doka ta tilasta gwani mai lasin ya warware laima ta biyun nan ya sake naɗe ta kowane kwana 180. Tun 1991 kuma akwai wata 'yar na'ura ƙirar Jamus mai suna Cypres wadda kan buɗe ta da kanta in mutum ya suma a sarari. Haka sojojin laima irin waɗanda ake horarwa a Jaji: igiyar da aka ɗaura a jikin jirgi ita ke buɗe musu laima, ga kuma ta biyu a ƙirji.

Mai dirowa daga dutse ko gada kuwa laima guda tak gare shi, domin ko ya ɗauki ta biyu babu lokacin buɗe ta. Lissafin a fili yake. Abin da aka sako daga sama yakan ci ƙafa 16 a sakan na farko, ƙafa 64 a sakan biyu, 144 a sakan uku, wajen 250 a sakan huɗu. Gadar Perrine ta jihar Idaho, inda da yawa ke koyon wasan, tsawonta ƙafa 486 ne. Ke nan wanda laimarsa ta ƙi buɗewa a can bai fi sakan shida ba tsakaninsa da ƙasa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

YADDA LAIMAR KE BUƊEWA

Laimar tana naɗe cikin jaka a bayan mutum, jakar kuma tana ɗinke da ɗamara mai maɗaurai a cinyoyi biyu da ƙirji. Bakin jakar a rufe yake da 'yan ƙusoshi biyu lanƙwasassu, kowace an zura ta cikin kunnen wata 'yar igiya. Ƙusoshin suna jikin wata ragama mai tsawon wajen ƙafa 9, a ƙarshen ragamar kuma akwai wata 'yar ƙaramar laima, wadda za a iya kira jagora. In mutum ya diro sai ya wurga jagorar cikin iska, ta cika, ta ja ragama, ragama ta zare ƙusoshi, jaka ta buɗe, babbar laima ta fito.

Mai lura zai ga abin nan kamar sarƙa yake: kowane mataki yana jiran na bayansa. In guda ya saɓa, duk sauran sun tashi a banza. Ga wuraren da masana suka fi sa wa ido.

Na farko, zobban mahaɗi. Igiyoyin laima suna haɗuwa da maɗaukan kafaɗa huɗu ta waɗansu zobban ƙarfe masu murɗi, waɗanda suka fi shahara cikinsu su ne ƙirar Faransa da ake kira Maillon Rapide. Zoben bai kai tsawon ɗan yatsa ba, amma in murɗinsa ya rufe sosai yana ɗaukar nauyi mai yawan gaske. In kuwa ya kwance, ƙarfinsa ya tafi, fizgar buɗewar laima sai ta miƙe shi kamar waya, igiyoyin kusurwa guda su zube. Ƙa'idar da aka saba ita ce a murɗa da yatsa har ya tsaya, sa'an nan a ƙara rubu'in juyi da sifana. Wanda ya zarce haka don neman ƙarin tabbaci yana iya tsaga murɗin, ya jawo abin da yake gudu. Bayan an ɗaure akan ɗiga fenti a ja layi daga murɗin zuwa jikin zoben, domin ko yaya ya motsa ido ya gani.

Na biyu, ƙyallen birki. Wannan wani ƙyalle ne mai kusurwa huɗu, kowace kusurwa da zoben da igiyoyi ke ratsawa. Aikinsa shi ne ya riƙe laima kada ta buɗe farat ɗaya ta karya mai ita. Wanda zai daɗe yana faɗuwa yakan tura shi sama kusa da laima. Wanda zai diro daga gajeren wuri kuwa yakan saukar da shi ƙasa ko ya cire shi, don yana bukatar laima ta buɗe nan take. Kuskure a nan ta kowace fuska mugu ne. Har ila yau zobban ƙyallen kan sauko da ƙarfi su bugi zobban mahaɗi, su yi kaifi, kaifin kuma ya dinga cin igiya a hankali. Shi ya sa akan sa wa mahaɗan rigar roba.

Na uku, ƙusoshi da kunnuwan igiyarsu. In kunnen ya yi sako-sako, ƙusa tana iya zamewa jaka ta buɗe tun mutum na hawa dutse ko yana bakin tsalle. In ya yi tsauri ainun, jagora ba za ta iya zare ta ba, tun ba a gajeren wuri ba inda gudun faɗuwa bai yi yawa ba, iska ba ta da ƙarfi. Saboda wannan dalili ne girman jagora ya bambanta, daga wajen inci 32 ga mai doguwar faɗuwa zuwa inci 48 ga mai gajeriya. Ita ma ragama dole ta fito daga ƙusa zuwa jagora ba ta kewaye komai ba. In ta bi ta ƙarƙashin wani maɗauri, jagora za ta cika ta yi ta ja a banza, jaka tana rufe.

Na huɗu, zobba uku na kafaɗa, waɗanda wani Ba'amurke, Bill Booth, ya ƙago a shekarun 1970. Ƙaramin zobe na shiga matsakaici, matsakaici na shiga babba, kowanne yana rage wa na gaba nauyi, har ya zama 'yar igiya da waya ɗaya ke riƙe da mutum. Amfaninsu shi ne wanda ya faɗa ruwa ko ya maƙale a itace ya iya rabuwa da laima da fizga guda. Amma in aka jera su ba daidai ba, suna iya sakin mutum a sarari, ko su ƙi sakinsa a cikin kogi.

Na biyar, kayan aikin naɗi. Mai naɗe laima yakan yi amfani da 'yan matsai da igiyoyin ja don riƙe ƙyalle. Igiya guda da aka manta a ɗaure a wuyan jagora ta isa ta hana ta cika. Don haka masu hankali kan ƙirga kayan aikinsu kafin su fara, su sake ƙirgawa bayan sun gama, kamar yadda ake ƙirga almakashi da auduga a ɗakin tiyata kafin a ɗinke majiyyaci. In lissafi bai cika ba, a warware naɗin duka a sake. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

KAYAN ARO

Ba lalacewar kaya kaɗai ke kisa ba, har da rashin sabo da su. Ran 22 ga Oktoba 1999, shekara 202 cif bayan saukar Garnerin, waɗansu masu wasan suka shirya dirowa daga El Capitan a bainar jama'a don nuna ƙin yarda da dokar da ta hana yin haka a gandun. Sun san da sun sauka ma'aikatan gandu za su kama su, su ƙwace kayansu. Saboda haka wata ƙwararriya cikinsu, Jan Davis, ta bar nata masu tsada ta ɗauki na aro. A nata kayan jagora tana ƙasan jaka ne ta baya, a na aron kuwa tana jikin cinya. Ta diro, ba ta buɗe laima ba har ta kai ƙasa, a gaban mijinta da ke ɗaukar hoto. Kayan lafiyarsu lau, hannu ne bai saba da su ba. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Ko inda aka fi tsari ma haɗarin yana nan. Likitoci a Norwe sun bi diddigin dirowar da aka yi daga dutsen Kjerag daga 1995 zuwa 2005. Cikin dira 20,850 mutum 9 suka mutu, aka sami haɗari 82 da ba a rasa rai ba. Wato rai guda cikin kowace dira 2,300 da 'yan kai, alhali wannan dutse ne mai tsawon da ya wuce ƙafa 3,000, mai ba da lokaci fiye da gada nesa ba kusa ba. Shi ya sa masu koyar da wasan ba su karɓar almajiri sai ya yi dirowa daga jirgi sau wajen 200.

ABIN DA YA SHAFI GIDA

Jihar Taraba ba ta rasa tuddai ba. Chappal Waddi, wanda ya fi kowane tsauni tsawo a Nijeriya, mai mita 2,419, yana cikin Gandun Gashaka-Gumti. Amma tsawo kaɗai bai sa dutse ya dace da tsalle ba, kuma kallon hoto a waya bai taɓa mai da kowa gwani ba. Saurayin da zuciyarsa ke raya masa ya gwada da laimar da ya saya ta intanet, ya sani da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Darasin da ya fi kusa kuwa ba na masu wasa ba ne, na masu neman abinci ne. Kowace safiya a Jalingo, da Kano, da Sakkwato, akwai waɗanda ransu ke rataye a kan igiya da ƙugiya: masu hawa dogayen ƙarafan kamfanonin waya, masu gyaran wuta a kan turaku, magina a kan bene, masu walda a kan tankunan ruwa, da masu haƙar rijiya da ake zurawa da igiya. Sau nawa ake ganin ɗamarar da rana ta cinye, ko ƙugiyar da bakinta ba ya rufewa aka ɗaure da waya, ko yaro ya hau sama da bel ɗin da ya ara a wurin abokinsa bai ko duba ba? In an yi magana sai a ce kullum da shi ake aiki, ko kuwa a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne ajali ba ya jinkiri, amma ba a taɓa hana mutum duba igiyarsa ba, kuma ɗan kwangilar da ya tura yaran mutane sama da ruɓaɓɓun kaya ba shi da bakin fakewa da ƙaddara.

A rundunar sojan Amurka, masu naɗe laima kan sa jar hula don a san su, kuma a lokacin horonsu sai kowanne ya diro daga jirgi da laimar da ya naɗe da hannunsa. Da za a ce duk maigidan da zai tura yaronsa kan ƙarfe sai ya fara rataya da wannan ɗamara shi da kansa, da igiyoyi da yawa sun tafi juji tun yau. Kafin a kai ga haka, wajibi ne ga mai hawa ya taɓa kowace ƙugiya da hannunsa, ya bi igiyarsa daga kai har gindi, ya sa abokin aiki ya sake duba masa, in kuma ya ga abin da bai gamsu da shi ba ya ƙi hawa, ko da za a kira shi matsoraci. Allah ya kiyaye, amin.