A bar 'yan jarida su tona asirin mazambata

Jama'a, ba mu manta da ICC Services ba. Ya yi alkawarin ribar da ta kai kashi 200 cikin 100, alhali da kuɗin sababbin masu ajiya yake biyan tsofaffi, har ya durƙushe a 2010 da biliyoyin sefa na talakawa. Sai 2019 kotun CRIET ta ɗaure shugabansa, Guy Akplogan.

To wa zai tona irin wannan da wuri in ba ɗan jarida ba? Amma a shekarar nan ta 2019, da Ignace Sossou ya bi sawun kuɗin da aka ɓoye a ƙetare, shi aka gurfanar bisa dokar intanet. Ni dai ina roƙon 'yan majalisarmu na Paraku da Jugu su nemi a gyara dokar nan.