Kafin ki sayi injin busar da kaya, leƙa cikin gangarsa

 

Duk shekara idan damina ta yi nisa, tambaya ɗaya ce ke yawan zuwa mana: wane injin busar da kaya ya fi? Ba abin mamaki ba ne. Ki yi wanki da safe ki shanya, kafin azahar hadari ya haɗo, ki kwashe ki baza a kan ƙofa da bayan kujera, kwana biyu tawul bai bushe ba sai warin danshi. Ga Satumba an koma makaranta ruwa bai ɗauke ba, yunifom ɗin Litinin yana jiƙe a daren Lahadi. Mai jego da ke wanke kayan jariri kullum, da wadda ke zaune a gidan bene a Abuja ko Legas inda babu tsakar gida, su suka fi kowa sanin wannan wahala.

Idan kika shiga shago, abu biyu za a nuna miki: kilo nawa injin yake ɗauka, da minti nawa yake busarwa. Dukansu akwai bayani a ƙarƙashinsu wanda mai shago ba zai tsaya yi miki ba.

Mu fara da kilo. Lambar da kika gani a gaban injin, kilo 7 ko 8 ko 9, nauyin busassun kaya ne na auduga kafin a jiƙa su. Kina son sanin wankin gidanki kilo nawa ne? Ki hau sikeli ke kaɗai, ki sake hawa riƙe da kwandon wankin, ki cire na farko daga na biyu. Babban tawul ko wandon jins kowanne ya haura rabin kilo, turmin atamfa mai yadi shida kuwa bai cika kai kilo ɗaya ba. Wankin yara huɗu na kwana biyu ba wuya ya kai kilo biyar zuwa shida.

Sai dai kaya ba nauyinsu ke busar da su ba, iska ce. Aikin injin shi ne ya ɗaga su sama, su faɗo ta cikin iska mai zafi, ya sake ɗaga su. Idan ganga ta cika maƙil, kayan sai su dunƙule su yi ta juyawa kamar curin tuwo, na waje su bushe har su yi ƙauri, na ciki suna nan a jiƙe. Shi ya sa gangar injin busarwa take kusan ninki biyu na ta injin wanki. Mai wankin kilo 8 gangarsa tana wajen lita 55 zuwa 65, mai busar da kilo 8 kuwa ta haura lita 100. To ga abin da ya kamata ki lura da shi: injinan da ake kawowa daga Turai kusan duk girman jikinsu ɗaya ne, faɗi santimita 60, tsayi 85. Saboda haka tsakanin mai kilo 7 da mai kilo 9, bambancin gangar bai taka kara ya karya ba, daga kimanin lita 100 ne zuwa 120. Kada ki biya kuɗi mai yawa a kan lamba kawai. Ki ce a nuna miki takardar injin ki duba lita, sannan ki buɗe murfin ki leƙa da idonki, ki ga ko zanen gadonki mafi girma zai samu wurin walwala.

A gida kuma, in kina son sauri, kada ki wuce rabi zuwa kashi biyu cikin uku na gangar. Zubi biyu masu sarari sun fi zubi ɗaya da aka danna da hannu, kuma gugarsu ta fi sauƙi.

Akwai wanda yake wanki ya kuma busar a ganga ɗaya. Mata da yawa suna sha'awarsa saboda ba ya cin wuri. Ki duba jikinsa za ki ga lamba biyu, misali 8 da 5. Ma'ana yana wanke kilo 8 amma 5 kaɗai zai iya busarwa, domin gangar ta wanki ce. Dole ki tashi ki kwashe wasu kafin ya fara busarwa, kuma muddin yana busarwa ba za ki sa wani wankin ba. Ga amarya ko mai yaro ɗaya, madalla. Gida mai yara biyar kuwa, ni dai ba na ba da shawararsa.

Yanzu batun sauri. Wannan shirin na "minti 30" ko "minti 40" da ake miki talla da shi, na kaya kaɗan ne marasa kauri, kilo ɗaya zuwa biyu, kamar yunifom biyu da hijabi. Lokacin gaskiya shi ne na cikakken zubin auduga, kuma a injinan Turai yana rubuce a takardar nan mai launuka da ake mannawa a jikinsu. Wannan lokaci ya danganta da irin injin, kuma iri uku ne a kasuwa.

Na farko mai bututu. Yana dumama iska, ta ratsa kayan, ya hura ta waje da danshinta. Shi ya fi sauri, cikakken zubi cikin kamar awa biyu ko ƙasa da haka, shi ya fi araha, kuma kayan cikinsa ba su da yawa, don haka masu gyara sun fi gane masa. Sharaɗinsa sai an fasa bango ko an zura bututun ta taga. In kika bar shi yana huci cikin ɗaki, kin sayo wa bangonki fumfuna. Na biyu yana tara ruwan a wani ɗan tanki da za ki riƙa zubarwa. Ba ya buƙatar bututu, amma yana dumama ɗaki sosai, lokacinsa kuma ya ɗan fi na farkon tsawo. Waɗannan biyun kowanne yana jan wuta wat 2,000 zuwa 2,800, wato kamar dutsen guga biyu a kunne ba hutawa.

Na uku shi ne mai kwamfuresa irin ta firij, wanda yake sake amfani da zafinsa maimakon ya watsar. Zafinsa bai cika wuce digiri 50 zuwa 55 ba, alhali na farkon suna kai 70 har su wuce, don haka ya fi tausaya wa kaya, ba ya saurin sa su tsuke. Wutar da yake ja ba ta cika kai wat 1,000 ba. Aibinsa biyu: tsada wajen saye, da nawa. Ki sa ran awa uku, wani lokacin da ɗoriya.

A nan ne yanayin wutar unguwarku zai yanke hukunci. Mai bututu yana cin yunit huɗu zuwa biyar a cikakken zubi, mai kwamfuresa kuwa yunit biyu ko ƙasa. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC ta kai kuɗin wutar 'yan Band A naira 225 kowane yunit. A wannan farashi zubi ɗaya a mai bututu ya tasam ma naira dubu, a ɗayan kuwa bai kai ɗari biyar ba. Idan kuna samun wuta mai tsawo kuma mitarku ta kati ce, ko kuna da sola mai ƙarfi, mai kwamfuresa zai rama miki kuɗinsa a hankali, ki dai haɗa shi da sitabilaiza kamar yadda kika yi wa firij. Idan kuwa wutar taku ta awa biyu ce ta zo ta wuce, me za ki yi da injin da ke neman awa uku? Mai bututu ya fi miki. Ƙaramin janareta na kunna fanka da talabijin kam kada ma a gwada.

Wani abin da ya fi sunan kamfani tasiri a kan sauri shi ne yadda aka matse kayan. Injin wanki mai juyawa sau 1,000 a minti yana barin ruwa kimanin kashi 60 cikin ɗari na nauyin kayan, wato kusan lita biyar a kilo 8. Mai juyawa sau 1,400 yana barin kusan lita huɗu. Wannan litar guda, mintuna ne masu yawa da kuɗin wuta. Matsar hannu kuwa tana barin ruwan da ya kai nauyin kayan ko ya fi. In da hannu ake muku wanki, kada ki zuba kaya suna ɗiga. Ɓangaren matsa na injin nan mai ganga biyu da ke gidaje da yawa yana wannan aiki sosai, ki fara bi da su ta nan. Wata ma in ta matse da shi ta shanya a ƙarƙashin fanka, sai ta ga ba ta da buƙatar sayen komai.

Masu sha'awar na hannu, a yi hattara da manyan nan na Amurka. Gangarsu abin sha'awa ce, kusan lita 200, kuma suna da sauri ƙwarai, amma suna jan wat 5,000 ko fiye, kuma tsarin wutar Amurka ba irin namu ba ne. Na Ingila filoginsa mai ƙafa uku irin namu ne, ƙarfin wutar ma ɗaya.

Ki zaɓi wanda yake gane kaya sun bushe ya tsaya da kansa, ya fi mai agogo kawai. Ki raba masu kauri da marasa kauri, don tawul ɗaya yana iya riƙe rigunan makaranta rabin awa. Shadda mai sheƙi, leshi mai duwatsu da mayafi mai ado ba sa shiga, inuwa ce tasu. Tsumman da ya taɓa fetur, kananzir ko man girki shi ma kada ya shiga, yana iya kamawa da wuta. Ragar nan da ke bakin murfi mai tara burbushin zare, ki share ta bayan kowane zubi. Idan ta toshe lokaci zai ƙaru, kuma tana cikin manyan dalilan gobarar waɗannan injina. Kada ki kunna ki fita unguwa ko ki kwanta barci, sannan ki riƙa rufe murfin, domin yara ƙanana suna son shiga ciki wasan ɓuya.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda ake raba tawul da zanen gado da warin danshi ba tare da an sake wanke su sau uku ba. A gaida yara.