Kuɗi ba ya sayen barci

Wani marubuci ya ce matuƙan jirgin sama na karɓar albashi mai tsoka, don haka idan kamfani ya rasa ma'aikata, su ƙara tashi, a biya su kuɗin ƙarin aiki, kowa ya huta.

To malam, nawa ake biya gajiya ta tafi? A Amurka doka ta hana matuƙi wuce awa 100 a sama cikin kwana 28, ta kuma wajabta masa hutun awa 10 kafin ya kama aiki. An tsaurara dokar ne bayan jirgin Colgan Air ya faɗi kusa da Buffalo a 2009, mutum 50 suka mutu. Mataimakiyar matuƙin ta kwana a hanya daga Seattle kafin ta hau kujerar, albashinta bai kai dala 20,000 a shekara ba. Ina tsokar?

Ƙarancin ma'aikata kuma laifin wa? A 2017 Ryanair ta ɓata jadawalin hutun matuƙanta, ta yi musu tayin kuɗi su sarayar da hutun, amma sai da ta soke dubban tafiye-tafiye. Kamfanin da ke son ƙarin tashi ya ɗauki ƙarin matuƙa.