Yara A Cikin Mota

Duk lokacin hutun makaranta motocin Sakkwato zuwa Wurno da Goronyo sukan cika da yara, abin da kuma kunne ya saba ji shi ne tsawar iyaye: "Kai, zauna shiru!" Wasu ko sai su miƙa wa yaro waya don ya rufe baki. Mu dai a ganinmu wannan hasara ce.

Yaron da zama ya gundura shi ke fid da hannu ta taga, shi ke raba hankalin direba. To, a ba shi aiki. In an wuce Achida a tambaye shi wane ne ya kafa ribaɗin Wurno. In ya kasa, a gaya masa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne, can kuma aka binne shi cikin 1837. A gaya masa Raba ce mahaifar Sardauna Ahmadu Bello, madatsar Goronyo kuwa ruwan Rima ta tare. In labari ya ƙare, ya ƙidaya garuruwa da buhunan albasa. Tsofaffi sun hana tatsuniya da rana, amma ba mu ji wanda ya hana lissafi ba.

Malamai kuma, ran da aka komo makaranta, ku sa kowane yaro ya rubuta garuruwan da ya ratsa, bi da bi.